Wanda ya riga isowa daban, wanda ya ci tsere daban

 Yau zancen tseren jirgin ruwa za mu yi. Mun san akwai mai cewa ina ruwan Lazare da kogi, mu da ba mu ganin ruwan Isa sai mun biya kuɗin taksi ko kabu-kabu. Gaskiya ne, mu mutanen tudu ne, raguna da shanun Turaku mun fi sani. Amma ranar da aka ce akwai tseren kwale-kwale a bakin kogi mu ma muna cikin masu cika gaɓa, kuma gardamar da muke dawowa da ita fada takan kai mu har shayi na uku ba ta mutu ba.

Gardamar ita ce wannan. Ana jera jirage a layi ɗaya, a busa usur, wanda ya riga isa shi ya ci. Da ido babu adalcin da ya fi wannan. To amma ku dubi jiragen da kansu. Ga dogo siriri, sabon katako, an gyare shi don gudu, da majiya ƙarfi cike da shi, galibi akwai wani mai hali a bayansu da ya ɗauki nauyin komai. Ga kuma na masunci, gajere mai faɗin ciki, wanda jiya-jiya da shi aka jefa taru, an toshe ɓarakarsa da tsumma da kwalta, ya sha ruwa ya yi nauyi. Tun ba a busa usur ba duk wanda ya san kogi ya san yadda za ta ƙare. Wani dattijo a fadarmu cewa yake: «Ai ba tsere anka yi ba, awon aljihu anka yi.»

Abin da ya dame mu shi ne abin da ke biyo baya. Mai ƙaramin jirgi zai zo bana, ya zo baɗi, a shekara ta uku ya ce ba shi ɓata ranar kamun kifinsa don ya zama ɗan rakiya. Yaran Gamkalle da Saga da Gudel da suka tashi da filafili a hannu sai su koma 'yan kallo a kan ruwan da suka fi kowa sani. Tsere kuma in ya rage tsakanin jirage uku na masu kuɗi uku, ko mu 'yan kallo sai mu fara jin nauyin kuɗin taksin.

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba. A Ingila akwai ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi na masu tseren jiragen da iska ke turawa da ƙyalle, irin na mutum ɗaya ko biyu. Ranar tsere kowa da irin jirgin da aljihunsa ya ba shi yake zuwa. Wani na yara ne mai suna Optimist, wanda aka ƙera a Amurka a 1947, tsawonsa bai wuce mita 2 da 'yan kai ba, kamar akwati yake. Wani Laser ne, mita 4 da ɗoriya, wanda ake tsere da shi a wasannin Olamfik tun 1996. Wasu kuma sun fi waɗannan gudu nesa ba kusa ba. In aka ce sai iri ɗaya za su kara da juna, ƙaramar ƙungiya ba ta iya haɗa ko jirage biyar masu kama ɗaya. In aka ce wanda ya riga isa ya ci, an koma gidan jiya.

Sai wani mutum mai suna Milledge, a wata ƙungiya kusa da garin Fotsmos, ya fito da dabara bayan yaƙin duniya na biyu. Ya ce a ba kowane irin jirgi lamba gwargwadon gudunsa. Daga baya babbar hukumar masu wannan wasa ta ƙasar, RYA, ta karɓi aikin, kuma har yau ita ke fitar da jerin lambobin kowace shekara. Jirgi mai nawa lambarsa babba, mai gudu lambarsa ƙarama. Laser yana wajen 1100, Optimist ya haura 1600. In an gama tsere sai a ɗauki lokacin da jirgi ya yi, a ninka shi sau 1000, a raba da lambarsa. Abin da ya fito shi ne lokacinsa na hukunci.

Bari mu buga misali, don lissafi a baki wuyar riƙewa gare shi. A ce jirage uku sun tashi tare. Na farko mai lamba 900 ya iso cikin minti 50. Na biyu mai lamba 1100 ya iso cikin minti 60. Na uku, ɗan akwatin yaro mai lamba 1640, bai iso ba sai a minti 85, lokacin da na farko har ya ja jirginsa tudu ya canza tufafi. Da aka buga lissafi, na farko ya tashi da minti 55 da daƙiƙa 33, na biyu minti 54 da daƙiƙa 33, yaron kuma minti 51 da daƙiƙa 50. Yaro ya ci. Wanda ya riga kowa isowa shi ne na ƙarshe. Ma'anar hukuncin ita ce yaron ya fi su tatsar abin da jirginsa ke iyawa.

Ranar da muka kawo wanga misali a fada, wani cewa ya yi: «Wallahi in anka yi haka a gadar Kennedy, alƙalin sai ya tsere ta ruwa.» Aka yi dariya, amma maganarsa tana da nauyi, za mu dawo kanta.

Abin da ya fi jan hankalinmu a tsarin shi ne inda lambar take fitowa. Ba wani injiniya ke auna jirgi da igiya ya yanke ba. Ƙungiyoyi ne ke rubuta sakamakon tserensu na shekara su aika, a tara dubbai, a duba yadda kowane iri ya yi a kan sauran, a ɗaga lambarsa ko a rage. Wato lambar tarihin tsere ce da aka dunƙule. Kuma nan ne lauje yake cikin naɗi, domin jirgi ba shi tuƙa kansa. In wani irin jirgi gwanaye ne suka fi hawansa, sakamakonsa zai yi kyau, a matse lambarsa, sai talaka mai matsakaicin hannu da ya sayi irinsa ya ga ba shi taɓa cin komai. In kuma wani iri 'yan koyo ne suka fi hawansa, lambarsa za ta yi laushi, sai wani gwani mai wayo ya lura, ya je ya sayi tsohonsa da araha, ya riƙa kwashe kofuna. Irin wannan jirgi har suna gare shi a wurinsu, suna ce masa ɗan fashi. Ashe gunaguni bayan tsere ba mu kaɗai muka iya shi ba.

Sai kuma yanayi. Lamba ɗaya ce ake ba jirgi, amma ranaku ba ɗaya ba ne. Akwai jirgin da in iska ta yi ƙarfi yake tashi kamar an kore shi, in ta kwanta ya zama jaki. Akwai ma wani iri mai suna Moth da aka sa wa fukafukai a ƙarƙashi, in iska ta kai wani ƙarfi sai gangar jikinsa ta ɗaga sama da ruwa gaba ɗaya, in ba ta kai ba ya tsaya yana jan ciki. Wace lamba ɗaya ce za ta yi wa irin wannan adalci ranar hunturu da ranar da ganye ko motsi bai yi?

Mu a nan abin da zai fi shafarmu shi ne ƙarfin ruwa, kuma a nan muke so a ɗan tsaya, don mutane da yawa suna zaton ruwa mai gudu kowa yake cuta daidai wa daida. Ba haka ba ne. A ce za a haura kilomita 2 a gangaro kilomita 2. Jirgi mai sauri yana yin kilomita 8 a awa, mai nawa yana yin 5. In ruwa kwance yake, na farko zai gama cikin minti 30, na biyu cikin minti 48. To a ce ruwan yana gudun kilomita 3 a awa. Mai sauri zai haura da 5 ya gangaro da 11, ya gama cikin kusan minti 35. Mai nawa zai haura da 2 kacal, awa guda cur yana fama, ya gangaro da 8, ya gama cikin minti 75. Ruwan ya ci wa babba minti 5, ya ci wa ƙarami minti 27. Abin da gangara ta mayar masa rabin rabin abin da hawa ya ƙwace ne kacal.

Kogin Isa kuwa a Yamai fuska uku gare shi. Akwai jan ruwan damina na watan Agusta da Satumba, mai zuwa da fushi, wanda ya shiga gidajen mutane a Harobanda da Saga a 2020. Akwai baƙin ruwan da ke tahowa daga Gine, wanda ba shi isowa sai lokacin ɗari, wajen Janairu. Akwai kuma bazara, lokacin da yashi ke fitowa tsakiyar kogi, har manyanmu suna tuna 1985 da ruwan ya tsaya cak a Yamai. Lambar da ta yi daidai a watan Mayu zalunci ce a Satumba. Su ma can Ingila hukumar tasu cewa take kowace ƙungiya ta gyara lambobin gwargwadon ruwanta, sai dai da yawa ba su yi, don wanda ya taɓa lambar maƙwabcinsa ya sayi rigima.

Akwai masu cewa a bar duk wannan wahala, a ba kowa jirgi iri ɗaya, magana ta ƙare. Haka ake yi a Olamfik, har ma a tseren Laser masu shirya wasan ne ke raba jiragen, kowa ya karɓi nasa sabo. Amma mu 'yan Nijar mun ga iyakar wannan da idonmu. A 2012 a Landan, ɗan garin nan Hamadu Jibo Isaka ya shiga tseren tuƙin jirgi na mutum ɗaya, mita 2000. Yana da shekara 35, kuma watanni kaɗan ya yi yana koyon wasan kafin tafiya, da takardar gayyata ya samu shiga. Jirginsa irin na sauran ne. A ɗaya daga cikin zagayen ya yi minti 8 da daƙiƙa 39, ya zo ƙarshe da tazarar fiye da minti ɗaya da rabi, jama'ar wurin suka miƙe suna yi masa tafi har ya ƙetare layi. Wanda ya ci zinari, Mahe Drysdale na Niyu Zilan, ƙasa da minti 7 ya yi a zagayen ƙarshe. Mun ji daɗin tafin, har gobe muna jinjina wa Hamadu. Amma jirgi iri ɗaya na rana ɗaya bai goge shekarun da wancan ya yi yana horo da masu koyarwa da kayan aiki ba. Kuma ko da hakan ne mafita, wa zai saya wa masuntan Gamkalle jirage ashirin masu kama ɗaya?

Yanzu ga inda fadar ke rabuwa biyu. Da an ce a yi wa ƙarami rangwame, sai wani ya ce to kokowa fa? Kuma yana da hujja. Tun da aka fara kokowar takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, ba a taɓa ɗora ɗan kokowa a sikeli an ce ga ajinka ba. Jihohi takwas, kowace da mutum goma, tamanin ke nan a fili ɗaya, ƙato da siriri. Daɗin abin ma shi ne ranar da ɗan ƙaramin mutum zai shiga ƙarƙashin wani dutse ya kai shi ƙasa, fili ya ɗauki kuwa, masu rediyo muryarsu ta dushe. Isaka Isaka na Doso da ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023, ba wanda ya ce a ɗaura masa buhun yashi don sauran su samu. Mu ma ba mu ce ba. A bar takobi yadda yake. Ana neman mutum ɗaya ne da babu kamarsa a ƙasa, kuma wannan tambaya ba ta son rangwame.

Sai dai ku tuna, 'yan kokowar nan namu lokacin da suke fita karawa da na Senegal da Najeriya a gasar ƙasashen yammacin Afirka, aji-aji ake raba su da nauyi, daga kilo 66 har 120, kuma ba wanda ya ce mutuncinsu ya ragu. Lambobin Olamfik biyu da ƙasar nan ta taɓa samu, ta tagullar Isaka Dabore a dambe a 1972 da ta azurfar Alfaga a taikwando a 2016, duka a cikin ajin nauyi aka ci su. Sannan a kokowa jikin da Allah ya ba ka da shi kake shiga, dabara tana iya kayar da ƙarfi cikin ƙiftawar ido. Jirgi kuwa saye ake yi. Babu wata dabarar filafili da za ta sa gajeren jirgi mai nauyi ya kamo dogo siriri a kilomita huɗu. Masu sukuwar dawaki sun daɗe da gane wannan, shi ya sa ba su haɗa dokin gida da ɗan Sudan a zagaye ɗaya. Waɗanda kuma ke duƙufa kan takardar tseren dawakin Faransa a bakin kiyos (ba mu ce ku je ba, Allah ya shirye mu) sun san ana ƙara wa doki mai ƙarfi nauyin da zai ɗauka don a daidaita shi da sauran.

To mu koma ga maganar mutumin da ya ce alƙali zai tsere ta ruwa. Gaskiyarsa. Jama'armu ba za su tsaya a rana su ga jirgi ya riga kowa, makaɗa sun fara wasa shi, sannan wani mai biro da kalkuleta ya fito bayan rabin awa ya ce na bakwai ne ya ci. Ko lissafinsa daidai ne ba mai yarda, za a ce an ci kuɗi. Tsarin lamba da ake bugawa bayan tsere ya dace da mutanen da ke tsere don kansu, babu 'yan kallo, su shiga ɗaki su jira a liƙa takarda. Namu tseren na taro ne, da ganga da guɗa, ido ke yanke hukunci.

Amma masu jiragen ƙyallen suna da wata hanya ta biyu, kuma ita ce muke ganin kamar don mu aka yi ta. Maimakon a gyara lokaci a ƙarshe, sai a gyara shi a farko. Mai nawa ya fara tashi, mai sauri ya jira. In muka koma ga jiragen misalinmu, aka ce tseren awa ɗaya ne ga ɗan akwatin yaro, to mai lamba 1100 zai tashi bayan minti 20, mai lamba 900 bayan minti 27. Daga nan babu sauran lissafi, wanda ke gaba a ƙarshe shi ya ci. Akwai babban tsere irin wannan da ake yi kowane Janairu a wata madatsar ruwa kusa da Landan, awa biyu da rabi, jirage iri-iri sama da ɗari. Ku yi tunanin haka tsakanin gadar Kennedy da gada ta biyu: ɗan jirgin masunci yana gaba shi kaɗai, manya suna taso masa a baya kamar kuraye, tazara tana raguwa, kowa a gaɓa yana tambaya za su kamo shi ko ba za su kamo shi ba. Wannan ai ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya yi ƙuruciya a lungunan Lazare ya san «na ba ka taki goma» da babban yaro ke ce wa ƙanensa kafin su ruga. Babban ma ya fi jin daɗin cin, tunda sai da ya yi gumi.

Wuyar aikin ba a ruwa take ba, a littafi take. Jiragenmu ba daga masana'anta suke fitowa iri-iri da suna ba, kowane kafinta da hannunsa, kowane jirgi da halinsa. Don haka lambar sai dai a ba jirgi ɗaya-ɗaya, ko a fara da raba su gida uku bisa tsawo da yawan matuƙa, sannan a ba da rata a cikin kowane gida. Kuma ratar ba ta samuwa sai an rubuta lokacin kowa, na farko har na ƙarshe, tsere bayan tsere. Mu kuwa al'adarmu da na ɗaya da na biyu da na uku sun shigo, an tafi wajen jawabi da rabon ambulan, sauran ko sunansu ba a tambaya. Agogon da za a auna yana cikin kowace salula. Abin da babu shi ne mutumin da zai tsaya har jirgin ƙarshe ya iso ya rubuta mintinsa, ya kuma adana littafin har baɗi.

Za a yi wayo, wannan ba shakka. Wani zai ja jiki a tseren gwaji don a ba shi rata mai yawa, ranar kuɗi ya saki hannu. Wani zai kawo jirgin bara da matuƙan bana da ya ɗauko haya. Maganin na farko shi ne duk wanda ya ci a rage masa rata a tsere na gaba, wayonsa sau ɗaya zai yi masa aiki. Na biyu kuma a rubuta sunayen matuƙa tare da jirgi. Mutanen ruwa sun san junansu fiye da yadda muka san dillalan Turaku, ba a ɓoye musu baƙon hannu.

Shi ya sa muke ganin littafin bai kamata ya zauna a hannun mai ba da kyauta ba, ko wanda ke da jirgi a cikin tseren. A ba sarkin ruwa da dattawan masunta, su da suka san wane jirgi ne ya sha ruwa, wane ne aka sake wa katako, a haɗa su da malamin makaranta ɗaya mai riƙe agogo da biro. A karanta ratar kowa da lasifika kafin a busa usur, da Zabarmanci da Hausa, mai ƙorafi ya yi shi a lokacin. In kuma za a gwada, a fara a watan Janairu ko Fabrairu da ruwa ke cike yana tafiya a natse, kuma a yi zagayen farko gajere, kilomita ɗaya ya isa a ga ko ratar da aka bayar ta yi yawa ko ta yi kaɗan.